Barandar da Muka Rufe da Fenti

An yi wani mutum a nan garinmu na Lautoka, a wannan tsibiri namu. Ba zan kama sunansa ba, domin ya rasu, 'ya'yansa kuma suna raye. Dattawan da ke sahun gaba sun san shi, ina roƙonsu su bar sunan a cikinsu. Zan kira shi Haji, kamar yadda kowa ya saba kiransa.

Ya 'yan uwa, na zaɓi labarinsa yau ne saboda na duba masallacin nan na ga kusan rabinku masu gidan haya ne. Wani ya fitar da ɗakuna biyu a ƙarƙashin gidansa. Wani yayansa ya ƙaura Auckland ya bar masa gida yana kula da shi. Wani yana shirin ginawa da kuɗin fanshonsa. Sana'a ce ta halal. Amma akwai wanda ta kai shi ga hallaka, kuma da idona na gani.

Haji yana da shagon kayan gyaran mota kusa da tashar bas. Allah ya buɗa masa. Ya sayi gida ɗaya, ya sayi na biyu, har suka kai biyar. Ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba ne. Asuba ba ta wuce shi a jam'i. Tsofaffin fankokin da aka sauke daga masallacin nan bara, shi ya saye su. In azumi ya zo, babbar tukunyar shinkafa da naman akuya daga gidansa take fitowa.

Aibinsa ɗaya ne. A wurinsa ɗan haya ba mutum ba ne mai uwa da 'ya'ya, ƙarshen wata ne mai tafiya da ƙafa biyu. In famfo ya lalace, sai ya ce gobe. In kwano yana yoyo, sai ya ce a tara bokiti, damina ai wucewa take yi. Ba ya rubuta yarjejeniya da kowa, don kada wata rana takarda ta tsaya masa a gaba. Makullin kowane gida yana aljihunsa. Yakan buɗe ya shiga ba sanarwa, ba sallama, ya leƙa har ɗakin kwana, in an yi magana ya ce ai gidansa ne.

Cikin gidajen akwai wani na katako a kan gangare, can bayan layin jirgin ƙasa mai ɗaukar rake. Tsohon gini ne a kan ginshiƙai. Gabansa baranda ce mai faɗi, tsayinta daga ƙasa ya kai na mutum biyu.

Wani malamin makaranta ne a ciki, Masta Jagdish, shi da matarsa, shekara shida. Wata rana ya rubuta wa Haji wasiƙa ya kai masa shago da kansa. Ya ce gara ta shiga gidan. Da magariba masu fukafukan cikinta suna cika fitila, katakon baranda kuma yana lotsawa in an taka. Kun san garar nan. Kun san unguwannin da ta cinye. Daga ciki take cin katako, ta bar maka fatar kana kallo kana cewa lafiya.

Haji ya ce zai duba. Wata ya wuce bai duba ba. Masta ya sake rubutawa. A wasiƙa ta uku ya ce in ba a gyara ba zai sanar da ma'aikatan gwamnati masu feshin gara. Washegari Haji ya aika masa cewa ɗansa zai dawo daga Kanada da iyalinsa, yana buƙatar gidan, a fita kafin ƙarshen wata. Babu wani ɗa da zai dawo. Masta ya loda littattafansa a motar ɗaukar rake ya tafi.

Mene ne laifin malamin nan? Ya ga dukiyar wani tana lalacewa ya faɗa. Da mai gidan yana da hankali, da godiya zai yi masa.

Da gidan ya zama ba kowa, Haji ya kira kafinta.

Ya 'yan uwa, ku ɗago ku dube ni. Kafintan nan ni ne. Kafin in durƙusa gaban malamai neman karatu, kafin gemun nan ya yi fari, shekara ashirin na yi riƙe da guduma da zarto. Mistri ake ce mini a lokacin, kamar yadda ake ce wa kowane mai aikin hannu. Yawancin matasanku ba su san haka ba. Ban taɓa ba da labarin nan a kan mumbari ba sai yau, kuma ba don na manta ba ne.

Na shiga ƙarƙashin barandar da doguwar ƙusa a hannu. Na ƙwanƙwasa ginshiƙin farko, ya amsa mini kamar ganga. Na danna ƙusar da yatsa, ta shige har kai, ba guduma. Na ɓamɓare fatar babban katakon da ke ɗauke da barandar, ƙasa ta zubo mini a fuska, ga gara nan fari fat suna ta gudu. Na fito na kakkaɓe rigata.

Na ce cikin girmamawa, "Haji Sahab, ginshiƙai huɗu sun tafi. Babban katakon ma ya tafi. Sai an sauke barandar gaba ɗaya, a kira masu feshi su bi ƙasa, sannan a sa sabo."

Ya ce, "Mistri, gyaran gida na kira ka, ko otal za ka gina mini?"

Na ce, "Ba za ta ɗauki mutane ba, Haji."

Ya ce, "Shekara shida Masta da matarsa suna shan shayi a kanta. Ka taɓa ganin matar Masta kuwa? Barandar da ta ɗauki matar Masta, wa za ta kasa ɗauka?"

Ya yi dariya. Ni ma na yi.

Sannan ya sassauta murya. Ya ce in masu feshi suka zo za su rubuta gidan, su bi sauran gidajensa, wataƙila su ce a rushe. Ya ce in cike ramukan, in ƙara 'yan katakai inda ya fi muni, in shafa fenti. In damina ta wuce za a yi babban gyara. Ya kuma ce akwai ɗakuna shida da zai gina a wani filinsa, ni zai ba aikin.

Ina so ku ji wannan da kyau. Ba talauci ne ya sa ni ba. 'Ya'yana ba su taɓa kwana da yunwa ba, aiki biyu ne ma a hannuna a lokacin. Kwaɗayin ɗakuna shida ne, da jin nauyin ce wa babban mutum a'a. Na kwaɓa garin katako da gam, na bi kowane rami na cike shi da babban yatsana, na goge ya yi sumul, na shafa koren fenti sau biyu. Na iya aikina. Duk wanda ya tsaya a titi zai rantse sabuwar baranda ce.

Cikin mako biyu gida ya samu 'yan haya. Wata mata ce mai suna Akanisi, 'yar tsibiran Yasawa, tana ɗinki a masana'antar tufafi. Mijinta Peniasi yana aiki a jirgin ruwan dakon kaya, yakan yi wata tara bai taka ƙasa ba. Tana tare da 'ya'yanta mata biyu da mahaifiyarta, wata tsohuwa mai suna Salanieta, wadda kowa yake ce wa Bubu, wato kaka. Barandar ce ta ja su gidan. Tsohuwar saƙar tabarma take yi, tana son wuri mai iska da haske. Akanisi ta tambayi Haji ko gidan yana da wata matsala. Ya ce yanzu aka gama gyara shi, ba ta jin warin fenti?

Sau ɗaya na koma gidan, Haji ya aike ni gyaran ƙofar banɗaki. Na tarar da Bubu zaune a barandar, ƙafafu a miƙe, ganyen saƙa kewaye da ita. Ta hana ni tafiya sai na sha shayi da dafaffen rogo.

Ta ce, "Mistri, an ce kai ka yi mana barandar nan. Allah ya yi wa hannunka albarka. Nan nake yini."

A tsaye na sha shayin, a bakin ƙofar ɗaki, inda na san katako yana da sauran ƙarfi. Ta matsar mini da tabarma ta ce in zauna. Na ce sauri nake yi.

Damina ta zo ta wuce. Babban gyara bai zo ba. Ni kuma ina can ina buga rufin ɗakuna shida, kullum muna haɗuwa da Haji, ban taɓa tuna masa ba.

Akanisi ta fara ganin abin da Masta ya gani. Fenti ya fara kumbura. Layin ƙasa irin na gara ya fara hawa jikin ginshiƙi. Ta je shago ta faɗa wa Haji. Ya ce katako ne, yana shan ruwa yana bushewa. Ta sake komawa. Wannan karon a gaban masu sayayya ya amsa mata. Ya ce, "'Yar'uwa, in gidan bai yi miki ba, mutum goma ne suke jiran sa. Ba a ɗaure kowa ba." Ba ta da takarda ko ɗaya a hannu. 'Ya'yanta suna makarantar da ke kusa. Ta san wahalar samun gida a garin nan. Ta juya ta tafi.

Wata Asabar ta gan ni a kasuwa, wajen masu kifi. Ta ajiye jakarta ta tsaya a gabana.

Ta ce, "Mistri, kai ka san cikin gidan nan. Ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Barandar tana ƙara in mun taka, uwata kuma a kanta take yini. Barandar lafiyarta ƙalau?"

Ya 'yan uwa, kalma nawa ake buƙata a nan? "Ku sauka daga kanta." Kalma huɗu. Haji ba ya wurin. Ba wanda zai ji sai ni da ita da Wanda ta haɗa ni da shi.

Na ce, "Tsohon katako dama yakan yi ƙara."

Ban yi ƙarya ba, haka na riƙa gaya wa kaina a hanyar gida. Ai tsohon katako yakan yi ƙara. Ta yi mini godiya ta ɗauki jakarta. Na ga hankalinta ya kwanta, kuma ni na kwantar da shi.

Peniasi ya dawo daga teku a watan Yuli, ana tsakiyar saran rake. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci dangi suka taru yi masa barka da zuwa. An gasa abinci a rami, gwaza da kifi da kaji, an shimfiɗa tabarmin Bubu a baranda. Mutum goma sha huɗu ne a kai. An yi addu'a, an fara zuba abinci. Maƙwabta sun ce ƙarar da suka fara ji ba ta da yawa, kamar an karya busasshen rake. Barandar ta rabu da jikin gidan, ta kife ƙasa da duk wanda ke kanta.

Yaran sun tsira da ƙujewa da targaɗe. Peniasi ya karye wuri biyu a cinya, bai sake hawa jirgi ba. Bubu tana gefen da ya fara faɗuwa. Ƙashin bayanta ne ya karye. Kwana goma sha tara ta yi a asibiti, sannan ta cika.

An kira Haji ya iso ana kan janye katako daga kan mutane. Kun san abin da ya fara fita daga bakinsa? Bai tambayi wa ya ji ciwo ba. Cewa ya yi, "Wa ya ba ku izinin tara jama'a a gidana?" Mutum sun fi talatin da suka ji shi.

Washegari da hantsi ya zo gidana, abin da bai taɓa yi ba. Ya ƙi shiga, muka tsaya gindin mangwaro.

Ya ce, "Mistri, in an tambaye ka, sabon katako ka sa. Nauyi ne ya yi yawa. Ka tuna, abin da zai ci ni, kai ma ba zai bar ka ba."

Ina so in ce muku na kore shi. Ban kore shi ba. Na ce to. Kwanakin nan goma sha tara da tsohuwa take kwance, ban leƙa asibiti ba. Na daina bin hanyar ma. Abinci ya daina shiga. Matata Ruksana ta tambaye ni abin da ke damuna, na ce zazzaɓi ne. Sai in tayar da sallah in sallame ban san raka'a nawa na yi ba.

Da masu bincike suka zo, ba su yi mini tambaya mai yawa ba. Guntun katako suka ajiye a kan teburina. Waje kore, ciki ba komai sai ƙasa da dunƙulen garin katako da gam. A jikin dunƙulen, inda guga ba ta kai ba, ga shatin babban yatsa raɗau. Na dube shi, na dubi hannuna, na faɗi komai. Kada wani ya ce na yi jarunta. Wanda aka ajiye wa shatin yatsansa a gaba ba jarumi ba ne, kamamme ne.

Masta Jagdish kuwa da kansa ya je ya ba da shaida, riƙe da kwafin wasiƙunsa uku, kowace da kwanan watanta.

Daga nan abubuwa suka riƙa bin juna. Shari'a ta ci shekara uku. Masu feshi suka bi sauran gidajen Haji, suka tarar gara ta gama da uku, aka ce a rushe. Da ya kira su tun ranar da Masta ya fara magana, baranda ɗaya zai rasa. 'Yan hayar da suka rage suka kwashe kayansu. Sababbin ɗakuna shida suka shekara ba wanda ya zo tambaya. Wa zai kai 'ya'yansa gidan Haji? Ya sayar da su. Ya sayar da shago. Lauyoyi suka ci nasu, diyyar da kotu ta yanke ta ci sauran. Ni ma an hukunta ni gwargwadon laifina, ba wanda ya ƙara ba ni aikin gini a garin nan, kuma daidai ne.

Matar Haji ta tafi wurin ɗansu a Kanada da sunan ganin jika, ba ta dawo ba. A masallaci ba wanda ya kore shi. Sai dai in ya tsaya a sahu akan samu ɗan gurbi a damansa da hagunsa. Ya koma sahun baya. Daga baya ya daina zuwa.

Amma duk wannan ba shi ne babbar asararsa ba.

Kun san al'adar maƙwabtanmu 'yan asalin ƙasar nan, mutanen su Akanisi. In ka yi wa gida laifi ba ka aika takarda. Kakan ɗauki saiwar kava, wadda suke jiƙawa su sha a taron girmamawa, ka nemi dattijo ya raka ka, ka zauna a ƙasa ka sunkuyar da kai. Tun kafin a shiga kotu dattawanmu biyu suka je suka roƙi Haji ya yi haka. Faston cocin su Akanisi ma ya aiko cewa in ya zo za a karɓe shi. Haji ya ce lauyansa ya hana shi, wai zuwan amsa laifi ne. Lauya bai yi ƙarya ba. Amsa laifi ne. Abin da ake nema ke nan.

Ni na je, amma sai bayan shekara guda, da ƙafafuna suka yarda su kai ni. A ɗaki ɗaya na same su, a gidan wani ɗan'uwansu a bayan gari. Peniasi yana zaune a ƙasa, ƙafa a miƙe, sanda a gefensa. Dattijon da ya raka ni ya yi magana, ni kaina yana ƙasa. Peniasi ya karɓi saiwar, ya tafa hannu yadda ake yi, ya ce magana ta wuce.

Akanisi tana tsaye a bakin ƙofa. Da na zo fita ta ce, "Mistri."

Na tsaya.

Ta ce, "Haji bai san mu ba. Kai ka sha shayin uwata. Kuma na tambaye ka a kasuwa."

Na ce, "Kin tambaye ni."

Ta ce, "A asibiti ta ce kada mu riƙe kowa a zuci. Saboda ita na yafe maka. Amma in ka gan ni a hanya kada ka gaishe ni."

Har yau nakan gan ta a kasuwa. Ban taɓa gaishe ta ba. Nakan kauce in ba ta hanya.

Haji kuwa ciwon sukari ya kama shi, aka yanke masa ƙafa ɗaya. Ya ƙare a ɗakin haya a bayan wani gareji, ɗaki mai taga ɗaya da ba ta buɗuwa. Shekara tara bayan faɗuwar barandar ya aiko a kira ni. Na same shi kwance, ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi magana.

Ya ce, "Mistri, maganar nan da na faɗa ranar, ita ce ta hana ni sakat. Wa ya ba ku izini. Ban san daga ina ta fito ba."

Na san daga inda ta fito. Daga inda ta shekara da shekaru tana zaune. Ban faɗa masa ba, domin ba ni da bakin faɗa.

Ya ce, "Ka nemo saiwar. Ka kai ni wurinsu, ko a kujerar guragu ce."

Na tura dattijon nan ya kai saƙo. Ba su ja rai ba. Suka ce ya zo ranar Asabar. Na sayi saiwar, na yi magana da mai tasi. Ranar Alhamis da hantsi Haji ya cika.

Shekara tara suna jiran sa, ya makara da kwana biyu. Ni na wanke shi. Sahu ɗaya da rabi ne suka yi masa sallah, mutumin da a da in ya yi walima sai an rufe titi. Da muka fito daga maƙabarta na hango Peniasi a wajen shinge, jingine da sandarsa. Bai shigo ba. Ban san abin da ya kawo shi ba. Ban tambaya ba.

To, ya 'yan uwa masu gidajen haya, ku saurare ni. Ba daga takarda nake muku wannan ba.

Ranar da ka miƙa wa mutum makulli, ba ɗaki kawai ka ba shi ba. Ka ce masa ne ya kwantar da 'ya'yansa a nan, ba abin da zai same su ta dalilinka. Ya yarda da kai a kan abin da ba ya gani: wayar wutar da ke cikin bango, katakon da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ƙusar da ke riƙe da kwano in guguwa ta taso. Kai ka san su, shi bai sani ba. Wannan ita ce amanar.

Yaushe rabonka da ka shiga ƙarƙashin gidanka? Ba ka tsaya a titi cikin mota ka kalli fenti ba. Ka durƙusa ka shiga, da ƙusa a hannu, kafin damina da bayanta. Ka ƙwanƙwasa katako ka saurara. Ka taka kowace matakala. Ka sa wanda ya sani ya duba wayar wuta da tukunyar gas, ka sa a ɗaure rufi tun guguwa ba ta zo ba. In ka ga layin ƙasa a jikin ginshiƙi, a ranar ka kira masu feshi. Amma kafin ka je, ka sanar da mutanen gidan, ku sa rana, ka yi sallama ka jira a amsa. Gini naka ne, sirrin da ke ciki nasu ne.

In ɗan haya ya kawo ƙorafi, kada ka ɗauke shi abokin gaba. Shi yake kwana a gidan, shi yake jin abin da kai ba ka ji. Ka rubuta abin da ya faɗa, ka faɗa masa ranar da za a zo, kuma a zo ranar. Ƙofar da ke ƙara tana iya jira. Abin da zai iya kashe mutum ba ya jira ko na kwana ɗaya. In ba ka da halin gyarawa yau, ka faɗa musu gaskiya, ka kafa katako ka tare wurin. Kuma ka sani kuɗin hayar da ke shiga hannunka ba duka ne naka ba. Akwai rabon gidan a ciki. Ka ware shi tun kafin ka saba da shi.

Ka rubuta yarjejeniya, ɗaya a hannunka, ɗaya a hannunsa. Wanda yake gudun takarda, ya tambayi kansa me yake shirin yi. Aibin da ka sani a gidan, ka nuna shi tun ba a sauke kaya ba. In kana son gidanka, ka faɗi dalilin gaskiya, ka ba da wa'adin da mutum zai iya neman wani wuri, kada ka ƙirƙiro ɗa daga Kanada. Kuɗin ajiyar da ya ba ka ranar shiga, ka mayar masa ranar fita, ba tare da ka je kana neman tabon bango da fitila ba. Kuma ko masallaci yake zuwa, ko coci, ko wani ɗakin bauta, haƙƙinsa a wuyanka iri ɗaya ne.

Ku kuma 'yan uwana kafintoci da magina da masu haɗa wuta, da ku masu kula da gidajen waɗanda suke ƙasashen waje, ban manta da ku ba. Haji bai taɓa riƙe burushin fenti ba. Ba zai iya yin abin da ya yi ba sai da hannuna. Za a ce muku a rufe kawai, daga baya za a gyara. Ku tattara kayan aikinku ku fita. Aikin da za ku rasa, Allah yana da wanda ya fi shi. In kuma wanda yake zaune a gidan ya tare ku ya tambaye ku, ku faɗa masa.

Kada ku ce ai ku masu sallah ne. Haji ya fi yawancinmu sallah. Abin da ke tsakaninka da Ubangijinka, kana iya kuka a kan darduma ya yafe maka. Abin da ke tsakaninka da bawansa, sai ka je ƙofar bawan, kuma ba ka san ranar da za ka wayi gari ba ka iya zuwa ba.

Na san akwai wanda yake zaune a nan yanzu, tun ɗazu wani gida yake yi masa yawo a zuci. Wata matakala, wata waya, wata mata da ta kira shi sau uku bai ɗauka ba. Ba sai ka ɗaga hannu ba. In an sallame, kada ka wuce gida cin abinci. Can za ka fara zuwa.

Ku roƙa wa Haji gafara, ya riga ya tarar da abin da ya aikata. Ku roƙa mini ni ma, domin har yanzu ban san abin da zan ce ba ranar da za a tsayar da ni da tsohuwar nan a wuri ɗaya.

Ya Allah, kada ka sa abincinmu ya fito daga cutar da wani. Kada ka sa wani ya kwana cikin tsoro a ƙarƙashin rufin da muka mallaka. Ka ba mu ikon faɗar gaskiya lokacin da take da amfani, ka ba mu ikon neman yafiya tun ƙafafunmu suna kai mu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mutane daga sharrinmu. Amin.